Gulbi ba ya tafiya da takardar gona

Duk mai garka a bakin korama, daga Kwaya har Dungas, ya san ruwa ba ya bin hanya miƙe. Inda gulbi ya yi kwana, ruwan gefen waje ya fi gudu, sai ya riƙa cin gaɓa. Na gefen ciki kuwa a hankali yake tafiya, yana zubar da yashi da laka. Da haka gonar wani ke raguwa kowace damina, ta maƙwabcinsa na tsallake tana ƙaruwa. Lanƙwasar ta yi ta faɗaɗa har wuyanta ya tsuke. Ranar da ambaliya ta zo, ruwa ya yanke ta gajeriyar hanya, ya bar tsohon kwarin ya zama tabki. Irin waɗannan tabkuna suna cikin abin da manoman tattasai na Diffa ke dogaro da shi a bakin Komadugu.

Wannan al'amari ya wuce darasin makaranta. A 1945 ambaliyar Gulbin Maradi ta rushe tsohon gari, dole aka mayar da birnin kan tudu. Rikicin tsibirin Lete tsakanin Nijar da Benin, wanda ya yi zafi a 1963, bai ƙare ba sai da Kotun Duniya ta yanke hukunci a 2005, ta ɗora iyaka bisa layi mafi zurfi na kogin Kwara, ta bai wa Nijar tsibirin. In ƙasashe biyu sun share shekaru fiye da 40 suna jayayya a kan ruwa, ina ga talakawa biyu da korama ta raba?

Doka dai akwai ta. Tun 1993 Nijar ta kafa dokar filayen karkara, wadda ta tanadi kwamitocin kula da filaye. Amma shaidar da ta ce "iyakar gona korama ce" guguwa ce a ajiye, domin koramar bana ba lalle ta kwana inda ta bara ta kwana ba. Ɗan kasuwar da ya sayi fadama da irin wannan takarda, ƙila rabin kuɗinsa ruwa ya saya.

Saboda haka wajibi ne kwamitocin nan, tare da sarakuna da magadan gari, su auna filayen bakin ruwa, su kafa alamomi a kan tudu inda zaizaya ba ta kaiwa, su kuma fayyace tun da wuri wa ke da sabuwar ƙasar da ruwa ya kawo. Ma'aikatan gona su hana sare itatuwan gaɓa da kwasar yashi barkatai, don su ne ke ƙara wa ruwa kaifi.

Rigakafi ya fi magani. Mahukuntan da suka jira sai an zare gatari a fadama kafin su ɗauko igiyar awo, da hannunsu a cikin abin da zai biyo baya.