Manhajar yanayi ba ta ganin tsauni

Da bazara ta kama a watan Maris, mutane da dama sukan leƙa manhajar yanayi kafin su fita. A Kano lambar da take nunawa ba ta cika kaucewa ba, domin ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. A Jos da tsaunin Mambila kuwa, sai a yi hattara.

Yawancin manhajojin nan lissafi suke ɗaukowa daga manyan tsare-tsaren hasashe, irin su GFS na Amurka da ECMWF na Turai. Waɗannan suna yanka duniya gida-gida, faɗin kowane gida kilomita 9 zuwa 13, su ba shi tsayi guda ɗaya. Alhali zafin iska yakan ragu da kusan digiri 6.5 a duk hawan mita 1,000. Gidan da ya haɗa gindin tsauni da samansa, kamar a hanyar Serti zuwa Gembu, lambarsa ba ta dace da ko ɗaya ba. Da dare kuma sanyi yakan gangara ya taru a kwari. Iskar hadarin farkon damina, mai yaye rufin kwano, ta fi wuyar kamawa, domin a ɗan yanki take tashi.

Laifin masu ƙera manhajar shi ne nuna lamba ɗaya tamkar tabbas. Rubuta tsayin da aka yi lissafin a kansa ba aiki ne mai wuya ba. Kafin su yi hakan, manomin dankali a Bokkos gara ya buɗe Windy ya kwatanta GFS da ECMWF, sannan ya duba sanarwar NiMet.