Raddi ga masu cewa binciken gado a cututtukan yaran Afirka ɓarnar kuɗi ce

Akwai maganar da wasu ma'aikatan lafiya da marubuta ke yaɗawa, wai binciken ƙwayoyin gado don gano abin da ya sa bakteriya ke kayar da wani yaro ta ƙyale wani, aikin ƙosassu ne. Suna cewa talauci da gurɓataccen ruwa ke kashe yara, ba gado ba. Ko an gano gadon ba ya gyaruwa. Kuma jinin 'ya'yanmu kawai ake kwashewa zuwa Turai. Kishin yara ne ya sa su faɗin haka, ban yi musu ba, amma hujjojin ba su tsaya da ƙafarsu ba.

Game da ta farko, babu mai binciken da ya wanke talauci. Likitocin cibiyar KEMRI-Wellcome da ke Kilifi a gaɓar tekun Kenya, su ne suka nuna a 2005 cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yaran da suka rasu a asibitin suna da bakteriya a jini, kuma tamowa da cutar ƙanjamau na ƙara haɗarin. To amma ƙwayar numokokas, mai haddasa nimoniya da sanƙarau, tana zaune a hancin yara masu ɗimbin yawa ba tare da ta yi musu komai ba. Me ya sa take kutsawa jinin wasu kaɗan? A 2009 aka gano a Kilifi cewa haɗarin shigar bakteriya jini ya ninka wajen sau 26 ga yaro mai sikila. Sikila kuwa gado ce, ko mai musu ya san haka. A 2016 aka sake gano wani ɗan bambanci a kuromosom na 7, mai aiki cikin fararen ƙwayoyin jini, wanda ke ruɓanya haɗarin numokokas. A 2018 kuma aka danganta ƙwayar gado ta STAT4 da cutar salmonela a yaran Kenya da Malawi. Talauci da gado tare suke yin ɓarnar.

Hujja ta biyu ita ce mafi rauni. Ai ba a ce za a canza gadon ba, sanin wanda ke cikin haɗari ake nema. Tun 1986 wani gwaji a Amurka ya nuna cewa ba wa yara masu sikila fenisilin kullum yana rage mummunar cutar numokokas da kashi 84 cikin 100. Magani ne mai araha, ga shi kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai wajen 150,000 masu sikila a Najeriya duk shekara. Da yawansu zazzaɓi ɗaya ke ɗauke su kafin a san jininsu, sai a ce mayu ne ko iska.

Ga abin da ya fi wannan. Masu jinin AS, wato masu ɗauke da gadon sikila guda ɗaya, suna da kariya daga maleriya mai tsanani. Masu binciken Kilifi sun lura cewa bakteriya ma ba ta cika kama irin waɗannan yara ba, kuma da maleriya ta ja baya a yankin tsakanin 1999 da 2007, sai kariyarsu daga bakteriya ta gushe. Da haka suka tabbatar a 2011 cewa maleriya ce ke buɗe wa bakteriya ƙofa, har ta kai fiye da rabin masu bakteriya a jini a lokacin da maleriya take ganiyarta a dalilinta suka kamu. Ashe gidan sauro ma rigakafin bakteriya ne. Binciken gadon da ake rainawa shi ya ba masu kiran a gyara muhalli hujjarsu. Gaskiya ne har yau STAT4 bai zama magani a kanti ba, amma ba a girbi ranar shuka.

Hujja ta uku tana da tushe. Kano ba ta manta gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara wajen 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Sai dai maganin wannan shi ne a nemi yardar iyaye cikin harshen da suke ji, kwamitocin ɗa'a su yi aikinsu, a kuma ajiye samfurin jini a ɗakunan gwajinmu, irin manufar da aka kafa shirin H3Africa a kanta. Afirka ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado, amma masu tushen Afirka ba su kai kashi 5 cikin 100 na waɗanda manyan binciken duniya suka duba ba. In muka janye, da ma'aunin jikin wasu za a ci gaba da yi wa 'ya'yanmu magani.

Ina kira ga masu wannan ra'ayi su haɗa murya da mu wajen gwamnatocin jihohi: a gwada jinin kowane jariri, a ba masu sikila fenisilin, a kuma tabbatar allurar rigakafin numokokas, wadda Najeriya ta fara bayarwa a 2014, ta isa kowane ƙauye.