Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Raya Yankunan Madatsun Wutar Lantarki (HYPPADEC), Minna



Daga Birnin Gwari nake rubuto maka. Na san ba a ƙasarmu aka gina madatsar Shiroro ko ta Zungeru ba, duka biyun suna Jihar Neja ne a kan Kogin Kaduna. Amma dajin da ya kewaye mu bai san iyakar jiha ba. Daga Kamuku har gangarawa Allawa daji ɗaya ne, kuma Gwari da Kamuku da Fulani da Hausawan da ke cikinsa suna auratayya, suna cin kasuwannin juna tun kafin a yi Najeriya. Yanzu kuma da aka shigar da Kaduna cikin jihohin hukumarka, muna da bakin magana.

Madatsar Shiroro ta fara aiki a 1990 da ƙarfin megawat 600, Zungeru kuma ta zo da 700. Ba mu ƙi ba, ƙasa na bukatar wuta. Abin da ke ci mana rai shi ne yadda ake lissafin asarar mutanen da ruwan ya tasa. Ma'aikaci ya zo da takarda, ya ƙirga ɗakuna da rumbuna da bishiyoyin mangwaro, ya rubuta kuɗi, ya tafi. To fadamar fa? Manomin Gwari da fadama yake rayuwa: shinkafa a damina, rake da kayan lambu a rani, doya a tudun da ke kusa. Idan aka mayar da shi kan tsandauri aka ce ga gidan kwano, an ba shi wurin kwana ne, an karɓe masa abinci. Kaburburan kakanninsa suna ƙarƙashin tafki. Kurmin da dattawa ke shiga don al'ada, da tsaunin da kowane yaro ya san tarihinsa, babu wanda ya rubuta su a takardar diyya, domin mai rubutun bai ma tambaya ba. Bafulatani kuwa ya fi kowa shiga uku, tunda ba shi da gona a rubuce: mashayarsa da burtalinsa sun nutse, kuma ba a ɗauke shi cikin waɗanda suka yi asara ba.

Ba yau aka fara ba. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, an tashi mutane kusan 44,000, tsohuwar Bussa ta nutse, Gungawan Yawuri suka rasa tsibiran da suke noman albasa a kai. Darasin ya isa a ce an koya kafin a zo Shiroro.

Ranka ya daɗe, ka dubi halin da dajin nan yake ciki. Shekaru 'yan bindiga sun riƙe hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, sun tashi ƙauyuka a Shiroro da Rafi. Ban ce madatsa ce ta haifi ta'addanci ba. Amma inda aka matse manomi da makiyayi a kan ƙasar da ta rage, rigima ba ta da wuyar kamawa. Kuma da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Mando a Oktoban 2024, Arewa ta shafe kwanaki cikin duhu, kowa ya tuna da dajin nan. Mutanen da ke zaune a ƙarƙashin wayoyin da fitilar batir fa, yaushe za a tuna da su?

Na yaba da rigunan kariya da hukumarka ke raba wa masu shiga kwalekwale, sun ceci rayuka. Sai dai abin da muke roƙo ya wuce nan. A zauna da dagatai da masu unguwa da ardo-ardo da sarakunan ruwa, a rubuta abin da kowace al'umma ta rasa da bakinta, har da makiyaya. A sanar da ƙauyuka da wuri, da Hausa da Gwari da Fulatanci, kafin a buɗe ƙofofin ruwa. A ba waɗanda aka tasa filin noman rani na gaske a gefen tafkin, a kai musu wutar da ake yi da ƙasarsu.

Tun da aka yi sulhu da 'yan bindigar a ƙarshen 2024, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, mutane sun fara komawa gonakinsu. Ka turo mutanenka yanzu, su shigo ƙauyukan kan iyaka su ji da kunnensu. Allah ya taimake ka, ya ba ka ikon yin adalci.

Wassalam,
Ɗan Birnin Gwari