Hannun Cok Ya Karye, Wai Sai Ka Sayi Sabuwar Kafireta? Haba Jama'a!

Yau ba maganar waya na zo da ita ba, maganar janareta ce, kuma na san akwai waɗanda ba za su ji daɗinta ba. Ku yi haƙuri, sai na faɗa.

Ni mai gyaran waya ne, kuma duk mai wannan sana'a ya san in babu wuta babu aiki. Na'urar iska mai zafi, ayan ɗin sodar, cajin wayoyin mutane, duk a kan janareta suke. Wata safiya cikin sanyin hunturu na zo tayar da nawa, ina tura hannun cok sai na ji ƙas, ya karye a hannuna. Ɗan robar da bai kai tsawon yatsa ba. Injin tsohon samfuri ne, na zaga wajen masu kayan janareta ban samu irinsa ba. Wani makanike ya ce min zaɓi biyu ne: ko in sayi kafireta sukutum, ko ya ɗaure min da wayar ƙarfe. Da na ce zan sa a buga min shi da firintar 3D, dariya aka yi min a garejin. Wai roba ce, za ta narke.

To ɗan uwa, tsaya in tambaye ka. Wanda ya karye ɗin da me kamfani ya yi shi? Da zinare? Shi ma roba ne. Maganar ita ce wace irin roba, kuma da wane noti ka ɗaure ta.

Bari mu fara da aikin cok, don da yawa muna tura shi ne kawai ba mu san me yake yi ba. Injin fetur yana son iska kusan kashi 14.7 ga kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. In inji ya yi sanyi fetur ba ya zama tururi da kyau, wani ya manne a jikin ƙarfe, abin da ke isa filogi ya yi kaɗan. Cok wani ɗan faifai ne a bakin kafireta, in ka rufe shi ya tare iska, inji ya zuƙi mai da yawa ya tashi. Yana tashi sai ka buɗe. Shi ke nan aikinsa.

Yanzu dubi wanda aka ɗaure wa da waya ko robar ɗaurin kuɗi. Inji na girgiza, faifan na zamewa, ya tsaya a rabi. Baƙin hayaƙi ya fara, filogi ya yi baƙi ƙirin, mai na tafiya a banza, ragowar fetur kuma yana gangarawa ya tsinka baƙin mai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, waye a cikinmu yake da fetur ɗin zubarwa? Wannan ai gyaran gangar Auzinawa ne. Shi kuma mai cewa sayi sabuwa, kafiretarka ta asali lafiyarta ƙalau, za ka jefar da ita saboda ɗan roba, ka ɗauko wadda ba ka san ingancinta ba. Mu a wajen gyaran waya, in maɓallin ƙara murya ya lalace muka ce wa mutum sai ya canza bod gaba ɗaya, me za ku kira mu?

Amma kar in yi son kai. Masu dariyar nan suna da ɗan abin kamawa, domin na farko da wani abokina ɗalibi ya buga min bai yi sati biyu ba ya lanƙwashe. Laifinmu ne. Da PLA muka buga, robar da ta fi araha da sauƙin bugawa, ita kuwa tana fara laushi a wajen digiri 60. A Kano zafin watan Afrilu kaɗai yana haura 40 a inuwa, ka haɗa da zafin inji da aka kulle a lungu. Ga yadda sauran suke:

PETG tana jurewa har wajen digiri 80. Za ta iya yin hannun da ke waje, nesa da salansa.

ABS tana jure zafi har wajen 100, amma ba ta shiri da fetur, yana cin ta a hankali.

Nailon ita ce ta fi dacewa, tana jure zafi, tana jure fetur, ba ta saurin tsagewa. Matsalarta tana shan danshi, sai an busar da zaren kafin a buga.

Da nailon muka sake bugawa, kuma shi ne a jikin injina har yau.

In za ka yi naka, ga hanya. Da farko ka duba kasuwa. In injinka irin wanda ya cika gari ne, samfurin Honda GX160 da 'yan uwansa na China, sau da yawa ana samun hannun a sayarwa, ka saya ka huta. Maganata a kan wanda babu ne. Ka tattara ɓallin da ya karye, ka auna shi da kalifa, wato ma'aunin nan mai baki biyu da ke nuna milimita, ban da ruler ta 'yan makaranta. Ka duba shafukan Thingiverse da Printables ko wani ya riga ya zana. In babu, Tinkercad kyauta ce, a burauza take aiki, wanda ya iya karanta zanen bod ɗin waya ba za ta gagare shi ba. Ka ce wa mai firinta ya kwantar da hannun a kwance, domin na'urar layi-layi take jera roba, kuma tsakanin layukan nan ne wurin rauni. In aka buga shi a tsaye, daga nan zai ɓalle. A cika cikinsa ɗari bisa ɗari, ƙaramin abu ne, ba wata roba zai ci ba. Ramin noti a bar shi ɗan ƙarami, ka ƙarasa shi da diril daidai awo.

Sai maganar noti, kuma a nan ne na fi jin haushi. Mutum ya zuba hannu a gwangwani, duk wanda ya shiga rami shi ne daidai. Mu masu gyaran waya mun sha ganin sakamakon haka: a iPhone, ka sa dogon noti a ramin gajere, ya huda layukan bod, wayar mutane ta mutu saboda bambancin da bai kai milimita ɗaya ba. A inji abin ya fi muni. A wasu kafiretocin, musamman na babura, ƙananan notuna ne ke riƙe faifan cok a jikin sandarsa, a daidai hanyar da iska ke bi. Kamfani yakan dake ƙarshensu don kar su kwance. Ka cire ka mayar haka kawai, girgiza ta kwance ɗaya, ina zai je? Cikin inji. Ya daki bawul, ya daki fistin. Wani maƙwabcin shagonmu haka aka yi masa, gyaran ɗan faifai ya koma sauke inji.

Don haka ka riƙe waɗannan:

Noti yana da lamba. M3 tazarar tiredinsa milimita 0.5 ce, M4 0.7, M5 0.8, M6 1.0. Ka tafi da tsohon ka gwada, kauri da tsawo su zo ɗaya. In ya yi tauri tun juyi na biyu, ba shi ba ne, kar ka tilasta. Jikin kafireta ƙarfe ne mai laushi, tiredi ya sule ka shiga uku.

Notin katako mai tsini ba ya shiga robar da aka buga, raba layukan yake yi. Ko dai noti ya ratsa ya fito ka kama shi da macensa mai zoben nailon a ciki, da wosha, ko ka dasa ɗan gidan noti na tagulla da bakin ayan ɗin sodar.

Notin da ke cikin hanyar iska a ɗiga masa maganin kulle tiredi, irin shuɗin nan da muke gani a jikin notunan waya. Ɗigo ɗaya, ƙarfe da ƙarfe kawai, kar ya taɓa roba. Supa gulu ba madadinsa ba ne.

In ka ga ɗan ɗigo a kan notin babur ko injin Japan, samfurin JIS ne. Sukudireba mai kuros ta gama-gari tana sule kansa, ka nemi wadda ta zauna daram.

Akwai kuma iyaka, kar zumuɗi ya kwashe ka. Hannu, maɓalli, da abin riƙe kebul, duk a buga. Faifan da ke cikin maƙogwaron kafireta kuwa, da fulot, da allurar mai, da duk abin da ke kwana cikin fetur, ban yarda ba. In ɓallinsa ya faɗa inji ko mai ya tsiyaya a kan salansa mai zafi, ba maganar asarar kuɗi ake yi ba, maganar gobara ce. Kafin ka taɓa komai, kashe inji ya huce, rufe famfon mai, zare hular filogi. Aikin ayan a yi shi a tebur, nesa da warin fetur. Bayan ka haɗa, leƙa da tocilan ka tabbatar faifan yana rufewa ruf, yana buɗewa gaba ɗaya, kuma yana tsayawa inda ka bar shi.

Ga iyayenmu makanikai, wallahi ba raini ba ne, kun fi mu sanin inji nesa ba kusa ba. Amma firintar nan kayan aiki ce kamar sifana. Lokacin da wayoyin shafa suka shigo, akwai masu gyaran da suka ce su ba za su koya ba, yau ina suke? Ku kuna da sanin awo da inji, yaran nan suna da kwamfuta, ku haɗa kai mana. Kai kuma mai janareta, daga yau in an ce sai ka sayi sabuwa, ka tambaya: me ya lalace a ciki? A nuna maka shi a tafin hannu.

Wanda ya san mai janaretan da aka ɗaure wa cok da waya, ya tura masa wannan. Allah ya sa mu dace, ya kare mu da dukiyoyinmu.