Wa Zai Karanci Tsufa?

In aka tambayi 'yan ajinmu abin da suke so su zama, sai ka ji likita, injiniya, lauya, matuƙin jirgi. Ban taɓa jin wanda ya ce shi tsufa zai karanta ba. Ni kuwa ina ganin lalle ya kamata waɗansunmu su karance shi, har su kai ga digiri na uku, wato na dakta.

Kada ku yi dariya, ilmi ne sosai. Turawa suna ce masa jerontoloji, kuma wani masani ɗan ƙasar Rasha, Elie Metchnikoff, shi ya raɗa masa wannan suna a 1903. Ya bambanta da aikin likitan tsofaffi. Likita ciwo yake dubawa. Masanin tsufa kuwa yana bin yadda jiki da tunani suke sakewa da shekaru, da abin da tsoho zai ci, da inda zai kwana, da fanshonsa, da wanda zai zauna kusa da shi. A Amurka, Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta buɗe makaranta sukutum domin wannan fanni a 1975, ta kuma fara digirin dakta a kansa a 1989.

Na san abin da iyayenmu za su ce. Za su ce ai wannan na Turawa ne, masu kai iyayensu gidan ajiya, mu kuwa tsohonmu yana ɗaki, jikoki na kewaye da shi. Gaskiya ne, Allah ya bar mu da wannan hali. Amma ƙauna daban, sani daban. Tsohuwa ta fara mantuwa, ta fita ta kasa gane hanyar gida, sai a ce gigin tsufa ne, a kulle ƙofa. A wani wuri ma har a laƙa mata maita. Alhali kuwa sau da yawa ciwon ƙwaƙwalwa ne mai suna, wanda akwai dabarun lallaɓa mai shi. Haka kuma maganar magani. Ƙodar tsoho ba ta tace magani da sauri kamar ta saurayi, saboda haka ƙwayar da za ta warkar da ɗa tana iya sa uba jiri ya faɗi, ƙashin ƙugu ya karye. Kakata tana shan na hawan jini, da na sukari, da na ciwon gwiwa, ga jiƙe-jiƙen da maƙwabta ke kawowa don zumunci. Duk gidanmu masu sonta ne, amma wa ya san wanne ke faɗa da wanne?

Sa'an nan zaman ma ya sake. Ku dubi Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni: gidajen haya, miji ya tafi kasuwa, mata ta tafi aiki, yara suna makaranta, mu kuma muna kwana a nan sai hutu. Kuma da kowane tsoho yana da mai riƙonsa, da ba a buɗe gidan gajiyayyu a Shahuci ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2050 masu shekara 60 zuwa sama za su kai biliyan 2.1, kashi 80 cikin 100 kuma a ƙasashe marasa ƙarfi da matsakaita. A lokacin iyayenmu ne tsofaffin, mu ne masu riƙo.

Nijeriya ta ɗan motsa. An buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi a asibitin koyarwa na Ibadan a 2012. An sa hannu a dokar kafa cibiyar dattawa ta ƙasa a 2018, gwamnati kuma ta amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021. To, doka a takarda take, sai da masu sani za ta yi ƙafa. Binciken da aka yi a Kalifoniya ba zai gaya mana yadda dattijo mai ciwon sukari zai yi da azumi da tuwon dare ba, ko yadda gwauruwar da ba ta da fansho take ci. Mai jin Hausa ne zai zauna a zaure ya tambayo.

Ga Asibitin Koyarwa na Aminu Kano nan a unguwarmu, kan titin Zariya, wanda aka kafa a 1988, inda ɗaliban Jami'ar Bayero suke koyon aiki. Ina roƙon Shugaban Makaranta, ranar 1 ga Oktoba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa tsofaffi tun 1990, bayan an gama bikin 'yancin kai, ya gayyato mana likita daga can ya faɗa mana darussan da mai son wannan fanni zai riƙe tun daga aji huɗu.