Tsiron hatsi ba na masu giya kaɗai ba ne

Ƴan uwa manoma, maza da mata na ƙasar Kurfai, yau za mu yi magana kan abin da mutane da yawa suke ƙyama, wato tsiron hatsi. Da an ambace shi, sai a ce kayan burkutu ne. Mu kuwa muna ganin taimako ne babba ga ƴaƴanmu.

Mu duba aikin mai burkutu. Tana jiƙa dawa, ta baza ta bisa tabarma, ta rufe, tana yayyafa ruwa har ta tsira. Sai ta shanya, ta niƙa, ta dafa cikin manyan tukwane, ta tace. Giyar Ingila ma da tsiron sha'ir ake yin ta, sai dai tukwanen can na ƙarfe ne. Har zuwa nan babu maye. Maye yana zuwa ne bayan an sa yis, an bar ruwan ya kwana yana kumfa. Ke nan tsiro hatsi ne kurum, ba ya bugar da kowa.

Ina amfaninsa gare mu? Yaro mai wata 6 yana fara shan kunu, amma cikinsa ƙarami ne. Kunu mai kauri ba ya haɗiyuwa gare shi, sai uwa ta ƙara ruwa. Ciki ya cika da ruwa, jiki bai samu abinci ba. Ta nan tamowa take shiga. Mun ga ɓarnarta a 2005, kuma ko shekarar albarka ba ta barin mu.

In ƙwayar hatsi ta tsira, tana fitar da wani sinadari mai narkar da gari ya koma zaƙi. Ƙaramin cokali ɗaya na garin tsiro, in an zuba shi cikin kunu mai kauri mai ɗumi, nan da nan kunun zai tsinke ba tare da ƙarin ruwa ba. Yaro ya sha kaɗan, ya samu ƙarfi mai yawa. A ƙasar Tanzaniya, tun shekarun 1980 aka koya wa iyaye mata wannan dabara.

Kayan aiki duk suna gida: ƙwarya, buhu mai tsabta, turmi da rariya. A wanke rabin tiya na hatsi, a jiƙa shi dare ɗaya. A baza cikin jiƙaƙƙen buhu a inuwa, kwana 2 ko 3. A shanya a rana ya bushe ƙarau. A murje saiwa da tsiron a sheƙe, sa'an nan a daka.

Amma a kula. Hatsi ya fi dawa, domin tohon dawa yana da guba. Kowane makiyayi ya san yana kashe dabba. Wanda ya yi funfuna a zubar. Bayan kunu ya tsinke, a sake tafasa shi, a ba yaro a lokacin, kada ya kwana. A ƙara garin ƙuli-ƙuli ko na wake. Nono kuma ya ci gaba har shekara 2.

Muna roƙon malaman yaƙi da jahilci, daga Filinge zuwa Shikal da Tukunus, su karanta wannan shafi da ɗalibansu, su gwada a gaban kowa. Gani ya kori ji.