Ra'ayinmu: Mazaɓar Haute-Volta da darasin da ta bar wa Zango

Idan ba a manta ba, a shekarar 1932 Turawan Faransa suka rusa Haute-Volta, ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau, suka raba ta tsakanin Kwaddibuwa da Nijar da Sudan ta Faransa, wato Mali. Da haka Wagadugu ta koma ƙarƙashin Kwaddibuwa. Saboda haka, lokacin da aka zaɓi Philippe Zinda Kaboré da Ouezzin Coulibaly zuwa majalisar dokokin Faransa a 1946, da sunan Kwaddibuwa suka tafi Paris, domin ƙasarsu ba ta cikin taswira. Zinda ya rasu a Abidjan a watan Mayun 1947, 'yan watanni kafin a maido da Haute-Volta ranar 4 ga Satumban shekarar, bayan dogon ƙoƙarin Mogho Naba Saga II da 'yan siyasar ƙasar.

Sai a 1948 ƙasar ta zama mazaɓa mai cin gashin kanta, inda aka zaɓi Henri Guissou da Mamadou Ouédraogo da Nazi Boni. A 1951 Dokta Joseph Conombo ya zama na huɗunsu, a 1956 kuma Gérard Kango Ouédraogo ya samu kujera. Mazaɓar ta zama tarihi gabanin samun 'yancin kai a 1960.

Darasin a bayyane yake: jama'ar da aka raba, muryarta ma rabuwa take yi. Mutanen Zangon Wagadugu sun ɗanɗana irin wannan a 2003, lokacin da aikin ZACA ya rushe Zangouettin da unguwannin da ke kewaye, aka kwashe iyalai zuwa Ouaga 2000 da Nioko. Maƙwabtan da ke sallah a masallaci ɗaya, suke kai kuka da baki ɗaya, sun wayi gari a warwatse.

Muna kira ga sarakunan Zango da limamai da ƙungiyoyin matasa da su riƙa tara jama'a a kai a kai, su rubuta tarihin unguwar tun dattawa na raye, su kuma tabbatar kowa ya mallaki katin ɗan ƙasa. Duk ranar da aka buga gangar zaɓe, wanda ke da takarda da haɗin kai shi ake saurara. Hausawa dai sun ce tsintsiya ɗaya ba ta shara.